Aikin ƙofa daga firam yake farawa

Yawancin masu kiranmu gyaran ƙofar ɗaki ƙyauren suke ɗora wa laifi: ya kumbura, ba ya rufuwa, yana gogar ƙasa. In muka je muka ɗora filam, wato ma'aunin da ke nuna ko abu ya tsaya a miƙe, sau da yawa ƙyauren lafiyarsa lau, firam ne ya karkace. Shi ya sa a shagona yaro ba ya taɓa ƙyaure sai an gama da firam.

Gefen da hinji zai zauna shi muke fara kafawa, kuma a nan lokacinmu yake tafiya. Bango ba ya miƙewa yadda ido yake gani, ko da magini gwani ne ya yi filasta. Sai mu riƙa cusa 'yan siraran katako tsakanin firam da bango, muna duba filam ta fuska da ta gefe, har ya tsaya cak. Sai mu gwada daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, a gicciye. In awon bai zo ɗaya ba, firam ɗin bai zauna ba. Ƙofar da ka bari a buɗe ta riƙa tafiya da kanta, ba iska ba ce, gefen hinjin ne ya jirkice.

Tsakanin ƙyaure da firam muna barin milimita 2 zuwa 3 ta sama da gefuna biyu. Ta ƙasa kuwa kamar milimita 10, kuma daga saman tayil ake aunawa. Mai gida kan matsa a sa ƙofa kafin a shimfiɗa tayil, ni kuwa nakan ce: "Ranka ya daɗe, a bari mai tayil ya gama, in ba haka ba sai mun dawo da zarto."

Wannan 'yar tazarar saboda halin katako ce. Yana shan danshi ya buɗe ta faɗi, ya bushe ya tsuke. Don haka ƙyaure yakan yi 'yan kwanaki kwance a gidan kafin mu rataya shi, kuma muna shafa masa fenti har bakinsa na sama da na ƙasa, inda masu fenti suka saba tsallakewa don ba wanda ke leƙawa. Ta bakin ƙasan ruwan goge ɗaki yake shiga.

Ƙyaure mai nauyi hinji uku muke ba shi, mu fafe wurin zamansu su shige daidai da fuskar katako. Mai rami a ciki kuwa, sau da yawa ana samun guntun katakon da ke riƙe makulli a gefe ɗaya kawai, sai a duba alamar kamfani kafin a huda. Kuma ba ya jure yanka da yawa: ka wuce katakon bakinsa, kwali za ka tarar.