Rodón, Bassitt da Teburin Lissafina na Hunturun 2022

Kasuwar masu jifa ta wasan besbol na Amurka a hunturun 2022 ta cika ta batse. Jacob deGrom ya bar Mets ya koma Texas Rangers a kan dala miliyan 185 na shekara biyar, Mets suka cike gurbinsa da Justin Verlander, Phillies suka ɗauki Taijuan Walker, Cubs suka ɗauki Jameson Taillon, sai kuma a tsakiyar Disamba Yankees suka ba Carlos Rodón dala miliyan 162 na shekara shida. Mu da muke zaune a Bronx, muna wuce filin Yankees safe da yamma, wannan na ƙarshen shi ne labari.

Muna da gasar fantasi ta besbol tsakaninmu, inda kowa ke haɗa ƙungiyarsa da 'yan wasan gaske ana ba shi maki bisa abin da suka yi a fili, yawancinmu direbobin haya: 'yan zangon Kumasi da na Akara, 'yan Nijar, da wasu 'yan Dominika waɗanda su suka koya mana wasan tun farko. Dokarmu ita ce duk ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare ya sa hannu a sabuwar ƙungiya, mu ma sai mu sa shi a gwanjo a watan Janairu, kafin a fara atisaye, kuma wanda ya saya ya ɗaure kansa na shekara uku. In ka gaji ka sake shi, rabin kuɗin yana nan a wuyanka. Saboda haka tantance masu buɗe wasa da jifa ba hira ba ce a wurinmu. Ni ne kuma mai teburin lissafi a kwamfuta, wanda kowa ke leƙowa ya tambaya.

Teburin nan ina alfahari da shi har gobe. Ban taɓa yarda da yawan nasarori ba, domin nasara aikin masu sanda ce da masu jifan ƙarshe. ERA ma, wato matsakaicin makin da ake cin mai jifa a zagaye tara, tsawon wasa guda, ba na ba ta cikakken amana. Abin da nake dubawa shi ne mutum nawa ya kora da jifa, nawa ya ba kyautar tafiya, hom-ron (bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili) nawa aka buga masa, sai FIP da ke haɗa su. A wannan ma'auni Rodón ba shi da na biyu a shekarar. A Giants a 2022 ya kori masu sanda 237 cikin zagaye 178, ERA ɗinsa 2.88, FIP 2.25, mafi ƙanƙanta a duk manyan lig. Bahago ne, shekararsa 30 kacal, a 2021 ma ya hana Cleveland bugu ko ɗaya a wasa guda. Na sa shi a sama, sama da deGrom, domin deGrom sau 26 kawai ya buɗe wasa a 2021 da 2022 a haɗe, kuma wannan ko makaho ya gani. Na ji daɗin kaina da na kauce wa ramin deGrom. Na zuba kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin gwanjona a kan Rodón.

Chris Bassitt yana can ƙasa a teburin. Blue Jays sun ba shi dala miliyan 63 na shekara uku. Yana dab da cika 34, jifansa ba ya da wani gudu, ya kori 167 a 2022, ba abin da zai sa ka tashi tsaye. Wani dattijo a cikinmu, da muke kira Alhaji, wanda ko wayarsa sai jikansa ya saita masa, shi ya ɗauke shi a kuɗin da bai kai sulusin nawa ba. Na ce masa, "Alhaji, wannan ai tsoho ka saya." Ya ce, "Ɗana, kai direba ne. Motar da ta fi kowace gudu amma rabin wata tana gareji, da wadda ke fita kullum, wace ce ke biyan kuɗin haya?" Aka yi dariya, ni ma na yi.

A watan Maris, tun ana atisaye a Tampa, aka ce Rodón ya ji ciwo a damtsen hannunsa na hagu. Ana jiran wannan ya warke, baya ya kama. Bai jefa ƙwallo a wasan gaske ba sai ranar 7 ga Yuli. Sau 14 ya buɗe wasa a duk kakar, zagaye 64 da ɗan ɗori, ERA 6.85. Wasansa na ƙarshe a Kansas City ina cikin mota ina ji a rediyo: maki takwas aka ci shi, bai fitar da mutum ko ɗaya ba. Yankees suka ƙare da nasara 82 da rashin nasara 80, ba su shiga wasannin ƙarshen kaka ba. Bassitt kuwa ya jefa zagaye 200 cif, ya ci wasa 16, ERA 3.60. Alhaji bai sake ta da maganar ba, kuma da ya tayar da ya fi mini sauƙi.

Ba na ɗora wa Rodón laifi, ciwo ba da gangan ake jinsa ba. Abin da har yau ke ci mini rai shi ne bayanan duk suna nan a fili, a shafin da na kwafo sauran alƙaluman, layi ɗaya ne kawai ban ɗauko ba. Zagayen da Rodón ya jefa shekara bayan shekara: 69 a 2017, shekarar da aka yi masa tiyata a kafaɗa, 120 a 2018, 34 a 2019, da aka yi masa tiyatar Tommy John a gwiwar hannu, ƙasa da 8 a 2020, 132 a 2021. Wato 178 ɗin nan na 2022 shi ne mafi yawa a rayuwarsa har zuwa lokacin, kuma shi ne baƙo a jerin. Teburina yana auna kyawun kowane zagaye, bai taɓa tambayar zagaye nawa za a samu ba. Na ninka kyawun da 180 kamar an rubuta mini a takarda.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Mu na waje ba ma ganin hoton kafaɗa ko na gwiwar hannu, likitocin ƙungiyoyi ne ke gani. A hunturun nan ne ma yarjejeniyar Carlos Correa ta rushe har sau biyu, da Giants sannan da Mets, saboda abin da likitoci suka gani a idon sawunsa. To amma in ba ka ga hoton ba, kana iya ganin yadda waɗanda suka gan shi suke yi da kuɗinsu. Bayan 2021, shekarar da Rodón ya yi ERA 2.37, White Sox ba su ko yi masa tayin shekara ɗaya na dala miliyan 18.4 da ake yi wa manyan 'yan wasa don a sami diyya in sun tafi ba. Ƙungiyar da ta raine shi ke nan, ta san hannun ciki da waje. Giants da suka ɗauke shi, shekara biyu kawai suka bayar a kan miliyan 44, da sharaɗin sai ya kai zagaye 110 kafin ya iya ficewa. Ƙungiyoyi biyu sun faɗa mini ra'ayinsu da babbar murya, ni kuwa ina kallon FIP.

Tun daga nan, kafin in buɗe shafin kora da kyautar tafiya, sai na jera zagayen shekara huɗu na baya, in cire mafi kyau, in ga abin da ya rage. Shekarar ƙarshe ta kwantiragi ita ce ta fi yaudara. Stephen Strasburg ya jefa zagaye 209 a 2019, ya zama gwarzon World Series, wato karawar ƙarshe ta ɗaukar kofi, Nationals suka ba shi miliyan 245 na shekara bakwai, daga nan zagaye 31 da ɗan ɗori ya ƙara jefawa har ya yi ritaya. Ba kuma tiyatar ce ke tsorata ni ba. Bassitt ma an yi masa Tommy John a 2016, Zack Wheeler a 2015. Abin dubawa shi ne me hannun ya yi bayanta. Wheeler ya haura zagaye 180 a 2018 da 2019 a jere kafin Phillies su ba shi miliyan 118, kuma da wuya a sami cinikin da ya fi wannan riba a shekarun nan.

Fili ma na raina shi. Na Giants a San Francisco yana haɗiye ƙwallayen sama, na Yankees kuwa kusurwar dama ƙafa 314 ce kawai. Rodón mutum ne da ake yawan buga wa sama, kuma kusan duk jifansa iri biyu ne, mai gudu da silaida mai karkacewa gefe. Hom-ron 12 aka buga masa a duk 2022. A 2023, cikin kusan sulusin waɗancan zagaye, 15. Mai jifa iri biyu in gudun ya ɗan ragu ko saitin ya kauce, ba shi da mafaka. Bassitt yana da iri bakwai ko takwas, ranar da ɗaya ya ƙi sai ya koma wani. Wannan ba ya fitowa a teburi irin nawa, sai ka zauna ka kalli wasan.

Sabon ma'aunin nawa ba ya kama kowa, kar wani ya ɗauka na gano sirri. Da shi na wuce Seth Lugo a hunturun 2023, domin shekarunsa na Mets yawanci a benci yake fitowa, ba shi da tarin zagaye. Royals suka ba shi miliyan 45, ya jefa sama da 200 a 2024, ya zo na biyu a kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa. Nathan Eovaldi, wanda aka yi wa Tommy John sau biyu, da shi ma ya faɗi jarrabawata, amma shi ya ci wa Rangers wasa biyar a wasannin ƙarshen kakar 2023 suka ɗauki kofi, deGrom na zaune da hannu a ɗaure. Duk da haka, kuɗi mai yawa na shekara uku ba na ƙara ɗora shi a kan hannun da kakar kirki ɗaya ce cikakkiya a tarihinsa. Irin wannan sai a ƙaramin farashi, ko in bar wa wani.

Bayan wasan Kansas City ban ko jira hunturu ba, na saki Rodón cikin fushi, na ci gaba da biyan rabin kuɗinsa. Wannan ma gaggawa ce, domin wanda ya yi kakar da ciwo ya cinye rabinta ba a yanke masa hukunci da ERA ɗin sauran rabin. A gwanjon Janairu ba wanda ya ɗaga hannu sai Alhaji, ya ɗauke shi a kuɗin shayi. A 2024 Rodón ya buɗe wasa sau 32, ya jefa zagaye 175, ya ci 16, Yankees suka kai World Series. A 2025 ya ci 18, aka zaɓe shi cikin taurarin lig. Duk a ƙungiyar Alhaji, kuma rabin albashin daga aljihuna yake fita.