Baƙin rami da shuɗin rami

Ranar Talata wani Alhaji mai ɗaukar bidiyon biki ya shigo shagona da laftof a hammata, ransa a ɓace. Wai firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta tsufa, bidiyon gigabait 40 sai ya haura minti 20 kafin ya gama shiga faifan ajiyarsa na waje. Sabuwa yake so in nemo masa.

Na ce, "Alhaji, a ina kake soka wayar?" Ya nuna min baƙin ramin USB na gefen hagu. Na zare, na mayar da ita ramin dama mai shuɗin ciki. Kafin mu gama shan shayi aiki ya ƙare.

Baƙin nan USB 2.0 ne, tun na shekarar 2000, iyakar gudunsa megabit 480 a daƙiƙa. Shuɗin kuwa USB 3.0 ne na 2008, mai gigabit 5, wato ninki goma. Firosesar Alhaji lafiyarta ƙalau, lungu ya riƙa tura mata kaya ta ciki alhali ga titin kwalta.

A cikin kwamfutar ma akwai irin waɗannan hanyoyin. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfuta ya ga siraran layukan jan ƙarfe kwance a kan bod, wato babban allon da ke ciki, kamar zanen tabarma. Su muke kira bas, kuma sunan na ba ni dariya, don lodi suke yi kamar na tasha. Wasu layukan na ɗauke da adireshin gurbin da ake nema a cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da firosesa ke aiki da ita, wasu na ɗauke da kayan kansa, wasu kuma umarni kawai suke kaiwa: karanta ko rubuta.

A tsofaffin bod, firosesa ba ta magana da RAM kai tsaye, sai ta hannun wani ɗan cif da ke tsakani kamar dillali. AMD, kamfanin ƙera firosesa, ta shigar da aikin wannan cif cikin firosesa a 2003, takwararta Intel ta biyo baya a 2008, hanya ta gajarta. Yawancin injunan yanzu hanya biyu suke da ita zuwa RAM, shi ya sa na fi son sa sandar RAM biyu masu gigabait 4 a kan ɗaya mai 8, ko da kwastoma zai yi min kallon mai son ƙarin ciniki.

Alhaji ya tambayi kuɗin gyara, na ce ya biya mai shayi. Ya ciro biro ya yi wa baƙin ramin alama, ya ce daga yau linzamin kwamfuta kaɗai zai riƙa sokawa a nan.