Yadda na yi fama da wutsiyar suna a harshen Finlan

Da na fara koyon harshen mutanen Finlan, abin da na soma nema a ƙamus shi ne kalmar da ke daidai da "a", kamar a "a gida". Ban same ta ba. Ashe su a ƙeyar suna suke liƙa wurin. Gida shi ne talo. Cikin gida talossa, daga cikin gida talosta, shiga cikin gida kuma taloon. Wanda ya taɓa karatun nahawun Larabci zai tuna li'irabi, sai dai na Larabci hali uku ne a suna, na Finlan 15, kuma 6 daga ciki aikinsu nuna wuri.

Na ɓata makonni ina haddar jadawali, amma da na buɗe baki sai komai ya watse. Sauƙi ya zo ne ranar da na lura tambayoyi uku ne kawai: ina, daga ina, zuwa ina. Sau ɗaya ana yin su ga cikin abu, sau ɗaya ga kansa ko gefensa. Tebur pöytä ne, don haka pöydällä a kan tebur, pöydältä daga kansa, pöydälle zuwa kansa. Dubi yadda t ta rikiɗe ta koma d. Wannan ma wani ciwon kai ne na daban.

Sunayen garuruwa kuwa ba su san doka ba. Mutum yana "cikin" Helsinki, Helsingissä, amma yana "kan" Tampere, Tampereella. Na daina tambayar dalili, kowane gari na haddace shi tare da wutsiyarsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda tunaninsu ya saɓa da nawa. Idan sun tsinci abu, "daga" wurin suka tsince shi. Idan mutum ya yi zamansa a gida bai fita ba, sai ya ce jäin kotiin (koti ma gida ne, wanda mutum yake zaune a ciki), da ɗafa-ƙeyar shiga, kamar zaman ma tafiya ce. Na yi ta mamaki, har sai da na tuna mu ma muna bambanta fita da fito, shiga da shigo, da wasali ɗaya tak. Su a suna suka ɗora alkiblar, mu a aikatau.