Kago daga Jidda zuwa Kano: a bar wa kamfani duka, ko a raba aikin?

Duk wanda ya zo sarin abaya, darduma ko dabino a kasuwar Bab Sharif ta Jidda, da an gama ɗaure kaya sai ya tambaye ni: ya bar wa kamfanin kago su kai masa har ƙofar shago a Kantin Kwari, ko ya biya kuɗin jirgin ruwa zuwa Legas kawai, sauran ya ji da shi? Ni ma tambaya nake mayar masa: Alhaji, wa gare ka a Apapa, tashar jiragen ruwa ta Legas?

A takarda, raba aikin ya fi araha, shi ya sa yake jan mutane. Amma abin da ke bayan saukar kwantena shi ne ainihin aikin. Tun kafin kaya su bar tashar Jidda dole ka buɗe Form M, takardar neman shigo da kaya, ta bankinka a Najeriya, sannan kwastan su fitar da PAAR, takardar kimanta harajin kayan. Dabino da turare suna buƙatar izinin NAFDAC, wasu kayan kuma takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya. Idan takarda ɗaya ta makara, kwanakin kyauta da kamfanin jirgi ya ba ka su ƙare, sai tara ta fara hawa kullum, ga kuɗin ajiya na tasha daban. Na ga 'yar'uwa da ta yi odar abayoyin ƙaramar Sallah, kayanta suna Legas tun kafin azumi, ba su shiga Kano ba sai a Shawwal. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin jarinta ke nan gaba ɗaya. Araha ba ta ado.

Saboda haka mai kwali goma ko ashirin, wanda kayansa za su shiga kwantenar haɗaka da na wasu, ina ba shi shawara ya biya cikakken aiki. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kusan kubik mita 33. Wanda ke iya cika ta shi kaɗai, yana da ejan fitar da kaya amintacce a Legas da direban tirela da ya sani, shi ne raba aikin zai yi wa riba. Balle yanzu da aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Kano tun 2023, yana iya tambaya ko za a wuce masa da kwantenar can.

Sai dai cikakken aikin ma kada a karɓe shi da baki. Tun da harin 'yan Huthi ya dagula Bahar Maliya a ƙarshen 2023, kuɗin jirgi da na inshora sun riƙa canzawa, wasu kamfanoni kuma sai kaya sun isa su ce a ƙaro. Ka sa su rubuta maka: harajin kwastan yana ciki? Idan kwali ya jiƙe ko ya ɓace, wa zai biya, kuma nawa? Da kilo ake lissafi ko da kubik? Kamfanin da ya ƙi rubuta waɗannan, ni ba na ba shi kayana, ko da mai shi maƙwabcina ne a unguwar Karantina ta Jidda.