Direban kwamfuta da ɗalibi zai iya gamawa kafin ranar kare furojet

Jiya bayan isha'i ƙanena ya shigo wajena nan Tudun Wada riƙe da laftof, wai ya samo furojet ɗinsa na ajin ƙarshe, zai rubuta direban katin hoto na kamfanin Nvidia a Linux, wato manhajar da za ta sa tsarin Linux ya iya sarrafa katin da ke fitar da hoto a allon kwamfuta. Na ce masa zauna tukuna. Mutanen nouveau, masu rubuta direban kyauta na katin Nvidia a Linux, sun haura shekara 15 suna fama da aikin nan, suna tono yadda katin yake aiki da kansu don kamfanin bai fitar da cikakken bayani ba, kai kuma wata huɗu kacal gare ka, ga lakca ga wutar da ba ta zama.

Ya ce to Yaya me zan yi?

Wallahi son da yake yi wa abin ya burge ni, shi ya sa ban so ya ɗauko wa kansa Dala ba gammo. Direba a cikin kanel yake zaune, wato zuciyar Linux, kuskure ɗaya a yaren C da ake rubuta shi da shi sai kwamfutar gaba ɗaya ta sandare, don haka na ce ya fara a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, ya rubuta ɗan ƙaramin direba da zai fito a /dev, inda Linux ke jera na'urori, ya loda shi da umarnin insmod ya ga saƙon da ya rubuta da printk a dmesg, inda ake karanta saƙonnin kanel. In kwamfutar kwaikwayon ta mutu a can ba abin da ya yi asara.

Sannan na ciro masa sensar BMP280 daga durowa, ɗan mitsitsin abu kamar farce, mai auna zafi da matsin iska. Wayoyi biyu ne ke ɗaukar bayani ta hanyar sadarwar da ake kira I2C zuwa 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, adireshinsa 0x76 ko 0x77, kuma Bosch, kamfanin da ya ƙera shi, sun saki takardar bayaninsa kyauta, komai a rubuce har lissafin da ake mayar da ɗanyun lambobi zuwa digiri. Ka tambayi rajista 0xD0, ɗan gurbin da ke riƙe da lambar shaidar sensar, in ta amsa da 0x58 to kun gaisa ke nan, saura aiki.

Ya ɗan ɓata rai da na ce Linux na da direban abin tuni, wai ai malami zai ce kwafa ya yi. A gani na wannan ma gata ne, ka rubuta naka tukuna sannan ka buɗe nasu ka ga inda suka fi ka, babi guda ke nan a rahoto.

Ya tafi da sensar a aljihu, Asabar zai dawo mu haɗa wayoyin.