Wayar Haɗi da Ba Ta Ƙara wa Sauti Komai

Duk wanda ya haɗa kayan sauraro na hedifon a gida, wato na'urar DAC mai mayar da lambobin kwamfuta sauti, da amfilifaya mai ƙarfafa sautin, da hedifon ɗin kansa, zai iske cewa yana buƙatar gajeriyar waya da za ta sada na'urori biyun farko. A kan wannan waya ne ake ta muhawara, har wasu suna cewa ta azurfa tana sa sauti ya yi tsini, ta jan ƙarfe kuma tana sa shi ya yi ɗumi. Ni dai abin da nake nema a wayar haɗi shi ne ta kai saƙo kamar yadda aka ba ta, ba ƙari ba ragi, kuma na gamsu cewa a Kaduna samun hakan ya fi dogara ga kyawun ƙira da tsabtar wutar gida fiye da tsadar ƙarfen da ke ciki.

Hanyoyin da waya za ta iya sauya sauti ba su da yawa, kuma duka ana iya auna su. Akwai turjiyar da ƙarfe ke yi wa lantarki, wadda a waya mai tsawon mita ɗaya ba ta kai om ɗaya ba, alhali ƙofar shiga ta amfilifaya takan kasance da turjiyar om 10,000 zuwa 50,000, saboda haka abin da ke salwanta a hanya bai kai a yi maganarsa ba. Gaskiya ne lantarki ya fi ratsa azurfa cikin sauƙi fiye da jan ƙarfe da kimanin kashi 6 cikin ɗari, amma kashi 6 na abin da tun farko bai taka kara ya karya ba, kunne ba zai taɓa kama shi ba.

Abin da ya fi cancantar a duba shi ne yadda waya ke riƙe ɗan caji tsakanin zaren tsakiya da rigar da ke kewaye da shi. Waya ta yau da kullum tana riƙe kusan pF 100 (pF shi ne ma'aunin riƙon caji) a kowace mita, kuma wannan riƙo yana haɗuwa da turjiyar ƙofar fita ta DAC ya rage sautuka masu tsananin tsini. Idan ƙofar fitar tana da om 100 kuma wayar mita ɗaya ce, ragin ba ya fara tasiri sai wajen Hz miliyan 16 (Hz shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, ma'aunin tsinin sauti), alhali kunnen matashi mai cikakkiyar lafiya ba ya wuce Hz 20,000, namu na manya ma ya daɗe da saukowa ƙasa da haka. Wuri biyu na sani inda lissafin ke juyawa: allurar faifan garmaho, wadda sautinta ke sauyawa da yawan cajin da wayar ke riƙewa, da kuma akwatin rage murya marar wuta wanda ƙofar fitarsa kan kai dubban om, musamman idan aka haɗa shi da waya mai tsawon mita biyar. Wanda ba ya da ɗaya daga cikin waɗannan, ya kwantar da hankalinsa ta wannan fuska.

Matsalarmu ta haƙiƙa ita ce ƙara. Wutar Najeriya tana gudu ne a kan bolt 230 da Hz 50, kuma gidaje da yawa a Tudun Wada ko Unguwar Rimi suna komawa kan janareta ko inbata da zarar an ɗauke ta. Inbata mai arha ba ta fitar da wuta mai santsi, cajar waya da ƙwan lantarki na zamani kuma suna watsa ƙananan tartsatsi a cikin ɗaki, ga shi a wasu gidaje ramin soket na uku ba a haɗa shi da wayar ƙasa ba sam. Mai sauraro da lasifika yana iya rayuwa da wannan bai sani ba, amma hedifon yana manne da kunne, don haka gurnanin Hz 50 ko 'yar tsuwa a bayan waƙa takan fito fili a duk inda mawaƙi ya yi shiru don jan numfashi. A nan ne wata waya ta fi wata, kuma bambancin yana cikin rigar da ke kāre zaren tsakiya.

Idan aka fere baƙar robar waya mai kyau da reza, za a ga raga ta siraran zaren jan ƙarfe an saƙa ta ƙiri-ƙiri kamar tabarmar kaba, har ba a hango farar robar da ke ƙarƙashinta. Idan aka fere mai arha kuwa, sai a tarar da 'yan zare ƙalilan an murɗa su a gefe guda, mafi yawan jikin wayar a buɗe. Wasu ma alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe, kuma da an kankare shi da wuƙa sai farinsa ya bayyana. Irin wannan ba ya kama darma da kyau kuma yana saurin karyewa a gindin filogi. Wani dattijo mai gyaran rediyo a kusa da Kasuwar Barci yakan kara maganaɗisu a jikin zaren kafin ya karɓi aiki, domin jan ƙarfe na gaske ba ya mannewa, ko da yake wannan gwaji baƙin ƙarfe yake kamawa, ba alminiyom ba. Ya taɓa ce mini, "Alhaji, kada ka dubi kaurin robar, cikin ake dubawa," kuma na tarar da wayoyi masu kauri da yawa da roba ce kawai ta cika su.

Dangane da nau'in filogi, mafi yawanmu RCA muke amfani da shi, wanda ya samo sunansa daga kamfanin Amurka da ya ƙirƙiro shi, kuma ya wadatar matuƙar na'urorin suna kusa da juna a kan tebur ɗaya. XLR, mai haƙora uku, wanda ake gani a ɗakunan watsa shirye-shirye da wuraren ɗaukar sauti, yana aika saƙo ta zare biyu, sai amfilifaya ta ɗauki bambancin da ke tsakaninsu ta watsar da ƙarar da ta shige su daidai wa daida. Idan DAC da amfilifaya duka suna da wannan ƙofa, ina ba da shawarar a yi amfani da ita, musamman ga wanda ya haɗa kayansa da kwamfutar tebur, domin ta nan gurnani ya fi shigowa. Sai dai a lura cewa na'urori da yawa suna fitar da bolt 2 ta RCA, bolt 4 kuma ta XLR, wato ƙarin dB 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma kunnen ɗan Adam yana ɗaukar sauti mai ƙarfi a matsayin wanda ya fi daɗi. Yawancin labaran da nake ji na cewa sauya waya ya buɗe sauti, ina kyautata zaton daga nan suka samo asali.

Saboda haka duk mai son gwada wayoyi biyu da gaske, ya daidaita ƙarfin murya da na'urar awo tukuna, sannan ya sa wani ya riƙa sauya su a bayansa ba tare da ya faɗa masa wadda aka saka ba. Ba na ƙaryata wanda ya ce ya ji bambanci, domin akwai wayoyin da aka ƙera da gangan su sauya sauti, amma wanda ke neman sauti na asali ai waɗannan ne ya kamata ya guje wa.

A aikace, na fi son a sayi waya da awo daga kamfanonin da masu sana'ar sauti suka daɗe da amincewa da su, irin su Canare da Mogami na Japan ko Belden na Amurka, a haɗa ta da filogin Neutrik ko Amphenol, a kai wa mai gyara wanda hannunsa ya faɗa ya liƙa da darma. Rabin mita zuwa mita ɗaya ya isa, kuma kada a kwantar da ita jikin wayar wuta; idan dole su haɗu, su gitta juna. Ruwan zinariyar da ake yi wa bakin filogi ba ya ƙara wa sauti armashi, amma yana hana tsatsa, kuma wannan abu ne mai amfani a garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina sannan damina ta biyo baya da laima. Filogin ya kama soket gam ba tare da an yi kokawa da shi ba, a kuma riƙa zare shi lokaci-lokaci ana goge bakinsa da tsumma mai tsabta, sannan a jona DAC da amfilifaya a soket ɗaya domin wayar ƙasarsu ta zama guda.