Godiya ga 'yan uwa bayan haɗuwarmu ta ranar Asabar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun daren Asabar nake son rubuta wannan amma gajiya ba ta bar ni ba, jiya kuma mun wuni muna mayar da kujeru da tabarmin mutane, sai yau Allah ya ba ni sarari. Alhamdulillahi taro ya tashi lafiya, har 'yan uwanmu na Giwa da Soba da suka kama hanya bayan magariba sun bugo sun ce sun sauka lafiya.

Shekara 2 ke nan muna cikin wannan guruf namu na masu sana'a na Zariya a WhatsApp, kullum sai barka da Juma'a, sai amin, sai hoton kaya da farashi, wani ma tun da aka saka shi bai taɓa cewa uffan ba. Ni kaina akwai wanda muke gaisawa kusan kullum a waya, ashe layinmu ɗaya a Tudun Wada, masallaci ɗaya muke sallar asuba, wallahi ban san shi ne ba sai da ya miƙe ya faɗi sunansa da sana'arsa. Irin wannan ne ya sa muka nace sai an haɗu ido da ido, duk da wasu sun ce ɓata lokaci ne ba wanda zai bar shagonsa ranar Asabar. To ga shi an zo, har kujeru suka gaza aka shimfiɗa tabarmi.

Godiya ta farko ga Baba da ya ba mu aron ɗakin taro na makarantarsa bai karɓi ko sisi ba, kuma ya zauna da mu tun daga buɗe taro da addu'a har aka tashi. Baba Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya. Hajiyarmu ta Sabon Gari da ta kawo kula biyu na dambu da zoɓo mai sanyi, mun yi mun yi ta faɗi kuɗin cefane ta ce in muka sake magana za ta yi fushi, Hajiya Allah ya saka da Aljanna. Sai ƙanenmu mai gyaran janareta, da wuta ta ɗauke ana tsakiyar bayani ga hadari ya haɗo ɗaki ya yi duhu, ba wanda ya aike shi, ya hau mashin cikin yayyafi ya ɗauko nasa ya zuba mai da kuɗinsa. Da mai Keke Napep ɗinmu da ya yi sawu uku yana kwaso baƙi daga Kwangila. Ba zan iya lissafo kowa ba, wanda ban ambata ba ya yafe ni, Allah ya san da shi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da aka ce kowa ya tashi ya faɗi abu biyu kawai, me yake yi, kuma me yake nema. Nan ne na gane irin asarar da muka daɗe muna yi. Wani manomi daga hanyar Giwa ya ce shekara biyu irin masarar da yake saya a kasuwa yana ba shi kunya, sai ga wani bawan Allah da ke aiki a cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru ya ɗaga hannu, ya yi masa bayanin irin SAMMAZ da cibiyar ke fitarwa, da SAMPEA na wake, da yadda zai bi ya samu na gaskiya ba gauraye ba. Mutanen nan biyu suna guruf ɗaya tun farko fa. Wata 'yar uwa mai kiwon kaji a Gyallesu tana neman masu ƙwai da za su jure zafinmu, aka ce mata ai ga kajin Shika Brown nan na cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, nan kusa da mu, kuma akwai wanda ya saba zuwa can zai raka ta. Masu ɗinkin hannu na cikin birni, waɗanda ke zama makonni a kan aska takwas guda ɗaya, sun koka cewa dillalai ne ke cin wahalarsu, sai wata ɗaliba mai tallar kaya a Instagram ta ce ita kuma kullum ana tambayarta babbar riga daga Abuja da Legas ba ta san wa za ta nema ba. Kafin a tashi sun yi musayar lamba. Ɗan uwanmu mai karatun lauya a reshen Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) na Kongo kuma ya tsaya ya warware mana yadda ake rijistar sunan kasuwanci a hukumar rijistar kamfanoni ta CAC, abin da da yawanmu muke jin tsoro kamar shiga kotu.

Garin da ke da ABU tun 1962, ga Kwalejin Barewa, ga Poli ta Nuhu Bamalli, ga cibiyar fata a Samaru, ga kasuwar Sabon Gari, a ce mai jimar fata a birni bai san mai ɗinka jaka a PZ ba, gaskiya da sake. Ilimin yana Samaru da Kongo, sana'ar hannu tana cikin ganuwa, kuɗin yana kasuwa, kowa ya rungume nasa.

Don haka roƙona, don Allah kar lambobin da muka karɓa su kwanta a waya. Cikin satin nan kowa ya kira mutum ɗaya, in da hali ya taka har shagonsa ya ga abin da yake yi, don gani ya kori ji, kuma wanda ka san shagonsa da unguwarsu ya fi wuya ya cuce ka. In an tambayi wani aiki da ba naka ba, kar ka ce babu, ka turo shi wurin ɗan uwa. Ku kuma manyanmu da Allah ya buɗa wa, akwai yara a cikinmu da suka gama makaranta suna neman inda za su koyi aiki, ko mutum ɗaya ka ɗauka ka yi abu.

Magana ɗaya da ba zan ɓoye ba. Iyayenmu mata da ƙannenmu sun ba da lambarsu ne don kasuwanci. Duk wanda ya mayar da ita ta sallamar dare da surutun da ba a gayyace shi ba, mun yi magana da sauran admin, fitar da shi za a yi ba sai an yi shawara ba. Da kyar wasu suka samu izinin zuwa daga gida, ba za mu bari mutum ɗaya ya rufe wa sauran ƙofa ba. Siyasa ma a bar ta a waje kamar yadda aka yi ranar Asabar.

Haɗuwa ta gaba in Allah ya kai mu a Samaru za a yi, don mutanen Shika da Basawa su ma su huta da kuɗin mota, za a sanar da rana. Sannan an bar lema baƙa ɗaya da cajar waya da hular yaro a ɗakin taro, suna shagona, mai su ya yi mini magana. Na gode, na gode, Allah ya bar zumunci.